Boris Karloff, Gwanin da Ke Razana Mutum da Tattausar Murya

A farkon fim ɗin The Body Snatcher, wanda ya fito a 1945, wani keken doki yana zuwa ya tsaya a ƙofar gidan wani babban likita a birnin Edinburgh na ƙasar Skotland. Labarin na shekarar 1831 ne. Cikin keken akwai wata mata da ƙaramar 'yarta wadda ƙafafunta suka shanye. Mai keken, wani dogon mutum da doguwar hula da tsohuwar kwat, ya sauko ya ɗauki yarinyar cak, ya kai ta gaban farin dokinsa don ta shafa shi, yana yi mata magana a hankali, yana gaya mata cewa ta yi aboki, duk ran da suka wuce dokin zai gaishe ta. Duk uwar da ta ga wannan za ta ce Allah ya yi wa bawan nan albarka.

Ba a jima ba sai ga mutumin nan dai cikin dare a maƙabarta, da shebur a hannu. Sana'arsa ta biyu ke nan: ya tone sabon kabari, ya kai wa likitan gawa don ɗalibai su feɗe su koyi aiki. Wani ɗan kare yana kwance a kan kabarin ubangidansa, ya ƙi tashi tun da aka rufe shi. Inuwa kaɗai muke gani a jikin bango. Shebur ya ɗaga, ya sauka, haushi ya tsaya. Abin da ke tayar da tsikar jiki a nan shi ne mai kallo ya kasa cewa ɗaya daga cikin halayen nan biyu na ƙarya ne. Tausayin da ya nuna wa yarinyar har zuci ne, kisan karen kuma bai dame shi ba ko kaɗan, kuma ɗan wasan bai sauya tafiya ko fuska tsakanin wuraren biyu ba. Mutum ɗaya ne, da rana da dare.

Sunan ɗan wasan Boris Karloff. Ko wanda bai taɓa jin sunan ba ya san fuskarsa guda ɗaya: dodon nan na Frankenstein mai shafaffen kai, da ƙarafa biyu a wuya, da fatar ido mai nauyi, da hannuwa da suka fi ƙarfin hannun riga. Fim ɗin na 1931 ne, darakta James Whale ya yi wa kamfanin Universal, kuma Jack Pierce ne ya ƙera fuskar, aikin da kan ci awa huɗu kowace safiya. Hoton ya zagaya duniya har ya binne mutumin da ke ƙarƙashinsa. A farkon fim ɗin ma, inda ake jera sunayen 'yan wasa, alamar tambaya aka sa a gurbin sunansa. Ni dai ina ganin wanda ya tsaya a dodon ya yi wa kansa ƙwauro. Aikin Karloff mafi kyau yana cikin ƙananan finafinai masu ƙaramin kuɗi, waɗanda yawancinsu ba su wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba, inda ya fito da fuskarsa ta Allah da Annabi, babu roba babu kakin zuma da zai ɓuya a bayansu.

Sunansa na yanka William Henry Pratt, an haife shi a Landan a watan Nuwamban 1887, shi ne autan gidansu. Yana da jinin Indiya ta wajen iyayensa, don haka fatarsa ta fi ta yawancin Turawan Ingila duhu. Yayyensa sun shiga aikin gwamnati da na jakadanci, shi kuwa ya tsallaka Kanada a 1909, ya yi aikin gona, ya yi lebura, sannan ya shiga ƙungiyoyin wasan daɓe masu yawo gari-gari, inda ɗan wasa kan haddace sabon wasa kusan kowane mako. Da ya isa Hollywood zamanin finafinai marasa magana, launin fatarsa ya sa ana ta ba shi ƙananan wurare na mugun Balarabe ko mugun Ba'indiye, in aiki ya yanke ya koma tuƙin babbar mota. Ya fito a finafinai kusan tamanin kafin Frankenstein, kuma ya haura shekara arba'in kafin duniya ta san da shi. Yana yaro yana da i'ina da tsamin baki. I'inar ta tafi, tsamin bakin ya zauna har ƙarshen rayuwarsa. Waɗannan shekaru ashirin na wahala su ne makarantarsa. Fim marar magana ya koya masa yin zance da kafaɗa da yatsu, wasan daɓe ya koya masa numfashi da inda ake ajiye kalma.

A duba The Black Room na 1935, wanda Roy William Neill ya ba da umarni. Karloff ya fito a matsayin tagwaye 'ya'yan sarauta, Gregor da Anton, waɗanda aka haifa ƙarƙashin wani tsohon hasashe cewa ƙaramin zai kashe babban a cikin wani baƙin ɗaki na gidan. Gregor, babban, azzalumi ne, matan gari suna shiga gidansa ba sa fitowa. Anton mutumin kirki ne, hannunsa na dama a shanye tun haihuwa. Fitowa a matsayin tagwaye tsohuwar dabara ce, kuma yawancin 'yan wasa gemu ko tabo suke dogara da shi. Karloff da ƙashin baya ya raba su. Anton yana tsayawa a miƙe, hannun nan a naɗe a ƙirji, yana sauraron mutum da dukkan fuskarsa. Gregor kuwa zubewa yake a kujera, ƙafa ɗaya a rataye a hannun kujerar, gashi a hargitse. Akwai wurin da wata mata da ya gama yayinta take yi masa magiya da barazana, shi kuma yana cin wani ɗan itace, yana yabon zaƙinsa da yawan ruwansa, ko kallonta ba ya yi. Tun kafin ya miƙe mai kallo ya san matar nan ba za ta kwana duniya ba, kuma rashin kallon nan ne ya gaya masa.

Sai labarin ya ɗora masa kaya na uku. Gregor ya tura ƙaninsa cikin ramin da ke baƙin ɗakin, ya ɗauki sunansa da suturarsa. Yanzu Karloff zai zama mugu yana kwaikwayon mutumin kirki, kuma dole kwaikwayon ya yi kyan da zai ruɗi mutanen cikin labarin, amma ya bar 'yar ɓaraka da mai kallo zai hango. Muna ganinsa yana duba kansa a jikin bangon ɗakin mai sheƙi, yana gyara gashi, yana naɗe hannu, yana gwada sanyin fuskar ƙaninsa har ta zauna. Daga nan duk inda ya shiga, jikin na Anton ne, amma idon yakan riga jikin isa wurin da yake kwaɗayi, murmushin yakan daɗe fiye da ƙima da daƙiƙa ɗaya. Asirinsa yana tonuwa ne lokacin da wani dattijon hafsan soja ya hango shi ta madubi yana sa hannu a takarda da hannun da aka ce ya shanye. Mutum uku aka gani a fim ɗin, da fuska ɗaya, kuma ba a taɓa rikita wane ne wane ba.

Shekara ɗaya bayan haka ya yi The Walking Dead a kamfanin Warner, ƙarƙashin Michael Curtiz, daraktan da daga baya ya yi Casablanca. Wannan ba shi da alaƙa da shirin talbijin na zamanin nan mai irin sunan. John Ellman makaɗin piyano ne da ya fito daga kurkuku yana neman abin sawa a baka, wasu 'yan daba masu ɗaurin gindi suka kashe alƙali suka laƙaba masa. Aka kashe shi a kujerar lantarki, shaidar da za ta wanke shi ta iso a makare, wani likita ya dawo da shi da rai. A hannun wani ɗan wasan, daga nan sai ramuwar gayya da shaƙe wuya. Ellman na Karloff ba ya taɓa kowa. Yana zuwa wurin kowane ɗaya daga cikin maƙiyansa, kai a karkace, hannu ɗaya a ƙage, furfura ta ratsa gashinsa, ya tsaya ya tambaye shi cikin sanyin murya me ya sa ya sa aka kashe shi. Tambayar ke nan. Wani ya ja da baya ya faɗa wa bindigarsa, wani ya ruga gaban jirgin ƙasa, wani zuciyarsa ta buga. Akwai wurin da yake kaɗa piyano a gaban taro, azzaluman suna zaune cikin jama'a, ya ɗago ido yana bin su ɗaya bayan ɗaya ba tare da yatsunsa sun tsaya ba. Babu fushi a idon. Baƙin ciki ne, da sani. Na ga finafinan ramuwa da yawa, ban ga wanda ya nuna nauyin alhaki a kan mai shi kamar wannan ba.

Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya da na gida mun saba da bos mai jan ido da ƙarajin murya, wanda dariyarsa kan riga shi shiga ɗaki. Wannan salon yana da daɗinsa, kuma akwai gwanayensa. Amma bos mai ihu ya riga ya nuna maka iyakar abin da yake da shi. Karloff ya gane cewa tsoro yana zaune ne a cikin jira. Don haka yakan rage. Inda ake zaton ya ɗaga murya sai ya sauke ta. Inda ake zaton ya zabura sai ya ɗauki lokaci yana cire safar hannu. Yakan bar hannuwansa, waɗanda dogaye ne masu manyan gaɓoɓi, su kwanta shiru a kan tebur har mai kallo ya kasa ɗauke ido daga kansu. Wasansa kamar kunun da ya yi fata a sama ne: ka ga ya huce, sai ka kurɓa ka ji ƙasan yana tafasa. Tsamin bakin nan ma ya mayar da shi makami, domin yana sa kalmominsa su fito da laushi, kamar mai rarrashi, ko da kuwa maganar kisa yake yi.

Wanda ya fi kowa fahimtar wannan shi ne furodusa Val Lewton na kamfanin RKO. An ɗora Lewton a kan sashen finafinan ban tsoro da sharuɗɗa masu tsauri: kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, kuma kamfani ne zai ba da suna, shi ya nemo labarin da zai dace. Da wannan ƙuncin ya yi Cat People a 1942, ya nuna cewa duhu da ƙarar takun ƙafa sun fi dodon roba aiki. Da aka ce masa zai yi aiki da Karloff bai so ba, don yana ganin za a mayar da shi gidan dodanni. Da suka zauna sai ya tarar Karloff ya fi shi gajiya da dodannin. Finafinai uku suka yi tare, kuma Karloff ya riƙa ambaton Lewton a matsayin mutumin da ya ceto shi ya dawo masa da martabar sana'arsa.

The Body Snatcher shi ne kan gaba cikin ukun. An ɗauko shi daga gajeren labarin Robert Louis Stevenson, Robert Wise ya ba da umarni, kuma yana tsaye ne a kan tarihi na gaskiya. A 1828 wasu mutum biyu a Edinburgh, Burke da Hare, sun kashe mutum 16 suka sayar da gawarwakin ga likita Robert Knox, saboda makarantun likitanci na buƙatar gawa kuma doka ba ta ba su isassu. An rataye Burke a farkon 1829. Mai keken dokin, John Gray, a labarin fim ɗin ya rufa wa likita MacFarlane asiri a lokacin waccan shari'a, ya sha wuya shi kaɗai, likitan kuma ya zama babban mutum. Henry Daniell ne ya fito a likitan, mutum mai sanyin jini da girman kai, kuma karon da ke tsakaninsu shi ne fim ɗin.

Gray ba ya zagin likitan. Gaishe shi yake yi. Yakan tare shi a mashaya a gaban ɗalibinsa, ya kira shi da sunan wasa na ƙuruciya, Toddy, sunan da likitan ya tsana, ya ja masa kujera, ya sa ya saya masa abin sha. Karloff yana furta sunan nan da wani irin daɗi, yana jan sa, yana murmushi har kunne, kai ka ce tsohon amini ne ya ga amininsa. Amma duk faɗa ɗaya igiya ce yake ƙara ja a wuyan likitan. Bahaushe ya ce mugu ba shi da kama, to ga mugun da ya zo da kamar ladabi. Can gaba likitan ya yi masa tayin kuɗi mai yawa don ya bar garin, ya tambaye shi me yake samu a wannan azabtarwa. Amsar Gray ita ce zuciyar wasan. Ya ce shi ƙaramin mutum ne, talaka, an sa shi yin abubuwa da yawa da ba ya so, amma muddin babban likita yana zabura in ya yi fito, to shi ma mutum ne, in ya rasa wannan ba shi da komai. Karloff ya faɗi wannan ba tare da murmushin ba, karo ɗaya tak. Sai ka ga rauni, ka ga talakan da aka yi amfani da shi aka yar. Ba ka yafe masa ba, amma ka fahimce shi, kuma wannan fahimtar ta fi ƙiyayya hana barci.

A fim ɗin ne kuma ya haɗu da Bela Lugosi karo na ƙarshe. Lugosi, wanda ya yi suna da Dracula, a lokacin tauraronsa ya dushe, ya fito a ɗan ƙaramin wuri na bawan likita da ya zo karɓar kuɗin toshiyar baki. Gray ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ba shi kuɗin ba gardama, ya cika masa kofi, ya sake cikawa, ya ba shi labarin yadda Burke da Hare ke kashe mutum ba tare da barin tabo ba, sannan ya ce bari ya nuna masa. Ya ɗora tafin hannu a kan hancinsa da bakinsa. Da aka gama, ya miƙa hannu yana shafa kyanwarsa. Haka nan wurin kisan yarinyar da ke waƙar bara a titi: kyamara ta tsaya wuri ɗaya, yarinyar ta shige duhun wata ƙofar gari tana waƙa, keken ya bi ta a hankali, waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Ba a nuna komai ba. Amma wurin ba zai yi aiki ba da Karloff bai riga ya shuka shi ba da kallo ɗaya da ya bi ta da shi daga bakin ƙofarsa, kallon mai sana'a da ya ga kaya.

Isle of the Dead, shi ma na 1945, an fara ɗaukarsa kafin wancan, aka dakata saboda ciwon bayan Karloff ya kai ga tiyata. Nauyin kayan dodon Frankenstein ya ƙara tsananta masa ciwon nan, kuma wahalar da ya sha a wancan aiki tana cikin abin da ya sa ya shiga sahun farko na waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan fim ta Amurka a 1933. A nan ya fito a Janar Pherides na sojan Girka a yaƙin Balkan na 1912, mutumin da bai san komai ba sai doka. Annoba ta ɓarke a wani ɗan tsibiri, ya hana kowa fita don kada ta kai ga rundunarsa. Da gaskiyarsa. Amma da mutane suka ci gaba da mutuwa, likita ma ya mutu, sai wata tsohuwa ta riƙa raɗa masa cewa wata budurwa a cikinsu mayya ce. Karloff ya nuna yadda mutum mai hankali ke zamewa cikin camfi taki ɗaya bayan ɗaya, ba don mugunta ba, sai don ya kasa jure cewa akwai abokin gaba da umarninsa ba ya hawa kansa. Duk wanda ya ga yadda ake laƙaba wa marar gata maita in mutuwa ta yi yawa a unguwa zai gane janar ɗin nan. Na ukun, Bedlam na 1946, ya ba shi shugaban gidan mahaukata na Landan a 1761, mai durƙusa wa masu kuɗi yana taka na ƙasa da shi. Wasan yana da kyau, fim ɗin dai ya fi sauran yawan surutu.

Da ya kai shekara 70 ya koma Ingila ya yi The Haunted Strangler a 1958. A ciki ya fito a marubuci mai son gyaran al'umma, yana binciken shari'ar wani da aka rataye shekaru ashirin baya bisa zargin shaƙe mata, har bincike ya kai shi ga gano cewa shi kansa ne makashin. Ana buƙatar ya rikiɗe a gaban kyamara, kuɗin kwalliya kuwa babu. Sai ya cire haƙoran robansa, ya tsotse leɓe ya cije, ya runtse ido ɗaya, ya murɗe hannu. Shi ke nan, wani mutum dabam ya bayyana. Fim ɗin ba wani babba ba ne, amma darasi ne ga duk ɗan wasan da ke cewa rashin kayan aiki ne ya hana shi.

Sai maganar murya, wadda ita ce rabin dukiyarsa. A 1963 darakta Mario Bava na Italiya ya sa shi a Black Sabbath, fim mai labarai uku. A nasa labarin, Gorca dattijon ƙauye ne da ya fita farautar wani ɗan fashi wanda ya zama mashayin jini, ya bar wasiyya cewa in ya wuce kwana biyar bai dawo ba kada a buɗe masa ƙofa. Ya dawo daidai kan gaɓar wa'adin. Iyalinsa sun rasa ko ubansu ne ko wani abu ne ya sa rigarsa. Irin wannan halitta, a labarin, jinin waɗanda ta fi ƙauna take sha. Karloff ya shigo a gajiye, da rauni a ƙirji, yana faɗa kamar kowane maigida da ya dawo da yunwa, sannan ya nemi a miƙo masa jikansa ya rungume. Wannan runguma ita ce abu mafi ban tsoro a fim ɗin, don ƙauna ce ta gaske, kuma ita ce za ta halaka yaron. A kwafin Italiya wani ne ya ɗora masa murya, a kwafin Amurka kuwa tasa ce. Wanda ya kalli biyun zai ga yadda rabin mutumin ke ɓacewa in aka cire muryar. Masu sha'awar finafinan fassara su lura da wannan: fassara tana kawo labari kusa, amma akwai 'yan wasan da numfashinsu tsakanin kalma da kalma shi ne wasan.

Aikinsa na ƙarshe mai girma ya zo ne ta hanyar bashi. Furodusa Roger Corman yana bin sa aikin kwana biyu, sai ya ba wani matashi mai suna Peter Bogdanovich dama ya yi fim ɗinsa na farko, da sharaɗin ya yi amfani da kwanakin nan da kuma wasu sassa na tsohon fim ɗin Corman mai suna The Terror. Abin da ya fito shi ne Targets na 1968. Karloff ya fito a Byron Orlok, tsohon jarumin finafinan ban tsoro da ya yanke shawarar ajiye aiki, domin ya ga kanun jaridu sun fi duk abin da ya taɓa yi ban tsoro. A gefe guda kuma ga wani saurayi mai tsabta da fara'a, ɗan gidan mutunci, wanda ya tara bindigogi ya fara harbin mutane ba dalili. An gina shi a kan Charles Whitman, wanda ya hau hasumiyar jami'ar Texas a Austin a 1966 ya yi ta harbin jama'a. Karloff ya ga rubutun ya so shi, ya ƙara kwanaki a kan biyun da ake bin sa. A lokacin yana da shekara 80 ko dab da ita, huhunsa ya lalace, ƙafarsa da ƙarfen tallafi, yana tafiya da sanda.

A tsakiyar fim ɗin akwai wurin da Orlok ya ce bari ya ba da ɗan labari. Tsohon labarin nan ne na bawan wani attajiri a Bagadaza da ya ci karo da Mutuwa a kasuwa, ya tsorata, ya ari dokin ubangidansa ya gudu Samarra. Attajirin ya je kasuwa ya tambayi Mutuwa dalilin da ta razana masa bawa, ta ce ita mamaki ta yi da ta gan shi a Bagadaza, alhali a daren nan suna da alkawari a Samarra. An ɗauki wurin a ɗauka ɗaya ba yankewa, kyamara tana matsowa a hankali zuwa fuskarsa. Babu kiɗa, babu duhu, tsoho ne zaune a ɗakin otal da rana tsaka. Yana ba kowane mai magana a labarin muryarsa ba tare da ya yi kwaikwayo ba, yana jinkirta kalmar ƙarshe har sai ka matsu. Bogdanovich ya sha ba da labarin cewa ya roƙe shi, in ya gama, ya ɗan yi tunanin mutuwarsa shi kansa. Ana ganin wannan tunanin yana sauka a fuskar, murmushin mai ba da labari yana janyewa. Ma'aikatan wurin ɗaukar sun tafa masa da aka ce a yanke.

A ƙarshen fim ɗin maharbin ya ɓuya a bayan allon wata silimar fili da ake kallo daga cikin mota, yana harbin 'yan kallo, allon kuwa yana nuna tsohon fim ɗin Orlok. Tsohon ya fito daga motarsa da sandarsa ya nufi yaron, ba ya sauri, ba ya tsayawa. Yaron ya ga mutum ɗaya yana tunkaro shi ta wuri biyu, a allo da a ƙasa, ya ruɗe ya rasa wanda zai harba. Orlok ya buge bindigar da sanda, ya kwaɗa masa mari, yaron ya duƙunƙune a lungu. Tafiyar nan da ciwo ya rage wa sauri ita ce ta ba wurin kwarjininsa. Fim ɗin ya fito a watan Agustan 1968, watanni kaɗan bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy, lokacin da Amurkawa ba su da zuciyar kallon mai bindiga, don haka bai yi kasuwa ba. Karloff ya rasu ranar 2 ga Fabrairun 1969 a Ingila, yana da shekara 81.

Yawancin finafinan nan baƙi-da-fari ne, kuma na san matasa da yawa da zarar sun ga haka sai su wuce. Ina roƙon mai karatu ya daure wa minti goma na farko. Ya fara da The Black Room, ya bi da The Walking Dead da na Lewton, ya ajiye Targets a ƙarshe, kuma ya nemi kwafin da ke da muryar Karloff ta asali ko da Turancinsa bai yi ƙarfi ba. 'Yan wasanmu da daraktocinmu da ke son gwada fim ɗin ban tsoro, su kuwa kallo ɗaya ba zai ishe su ba: su kalla, su mayar baya, su kashe sauti su dubi hannuwansa, sannan su kunna sautin su rufe ido su saurara.